Asalin Laktaye

Laktaye, watau ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya, asalinsa kayan soja ne. A zamanin babban yaƙin da aka yi a Turai daga 1618 zuwa 1648, Sarkin Faransa ya ɗauko waɗansu mayaƙa daga ƙasar Kuroshiya, yana biyansu. Al'adarsu ce su ɗaura ƙyalle a wuya, su ƙulle ta gaba. Abin ya ba Faransawa sha'awa, suka sa masa suna kirabat, daga sunan mutanen nan. Sarki Luwi na 14 ya riƙa ɗaura na leshi, fadawa suka bi sahu, sa'an nan ado ya ƙetara zuwa Ingila.

Bayan 1920 wani tela a birnin New York, wai shi Jesse Langsdorf, ya samo dabarar yanka yadin a karkace don kada ya murɗe. Har yau haka ake yi.

A Ingila kowace hidima da irin nata. Ango yakan ɗaura dogo ko mai faɗi in bikin na rana ne. Liyafar dare kuwa sai gajere, mai kama da malam-buɗe-littafi, baƙi, ko fari in ta fada ce. Dogo baƙi wuluk na jana'iza ne. Saboda haka takardar gayyata takan faɗi launi, gama wanda ya saɓa ya kunyata kansa gaban jama'a.

Mutanen Kuroshiya ba su manta ba, suna bikin laktaye kowace ran 18 ga Oktoba.