Duba-gari a Ajilari: Nazari kan Aikin Tsaron Ruwa da Abinci

Kafin kwanon shinkafa da wake ya iso gaban lebura ko ɗalibi a bakin titin Ajilari, ya riga ya bi ta hannaye da yawa. Waken ya yi watanni a buhu cikin wani sito. Ruwan girkin ɗan garuwa ne ya turo shi a jarkoki daga rijiyar burtsatse. Yankan naman da ke sama daga mayankar Kasuwar Shanu ya fito, kifin kuwa bandar Tafkin Chadi ce da aka saro a kasuwar hanyar Baga. Mai abincin ta sauke tukunya tun hantsi, ga shi yanzu azahar ta gota, kular tana zaune cikin zafin Maiduguri. A kowace gaɓa ta wannan tafiya akwai ma'aikacin da doka ta ɗora wa alhakin dubawa. Su wane ne, ta wace hanya ake zama ɗayansu, kuma me ya sa mai cin abincin bai cika ganin su ba?

Sunan da Bahaushe ya san su da shi shi ne duba-gari, Yarabawa kuma su ce wole-wole. Aikin ya samo tushe daga dokar lafiyar jama'a ta 1917, kuma a 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Aikin Tsafta ta Kano, wadda ta daɗe tana yaye malaman tsafta ga Arewa baki ɗaya. Dattawan da suka ga zamanin En'e suna ba da labarin duba-gari da kakinsa, ya yi sallama a zaure, ya leƙa randa yana neman tsutsar sauro, ya duba bakin masai ko a rufe yake, ya bi magudanar ruwa har waje. Wanda aka samu da laifi sai sammaci. Da an ji ya shigo unguwa, kowace mace ta ɗau tsintsiya. Wannan tarihi ya bar gado iri biyu. Ya bar tunanin cewa tsaftar gida abu ne da hukuma ke da bakin magana a kai, ya kuma bar tsoro, da zargin cewa ma'aikacin tara ya zo nema ko na goro. Duk matashin da ya shiga aikin yau da wannan gado biyu zai yi fama.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne rabon iko. Yawanci da an ce duba abinci sai hankali ya tafi ga NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wadda ta yi suna a zamanin Dora Akunyili, musamman a yaƙin jabun magani da hana zuba sinadarin buromet a burodi. Amma ƙarfin NAFDAC yana kan abin da aka sarrafa aka ƙunshe: fiya-wata, lemon kwalba, madarar gwangwani, magani. Duba dabba kafin yanka da bayan yanka aikin likitocin dabbobi ne. Kwashe shara da yashe magudanan ruwa a birnin yana hannun BOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Borno. Sauran kuwa, wato kasuwa, mayanka, tashar mota, bayan gida na jama'a, gidan abinci, gidan burodi da duk wurin da ake sayar wa jama'a abin ci, Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ƙaramar hukuma ya danƙa wa. To, a duba abin da mutumin Ajilari ke ci daga safe zuwa dare: ƙosai da koko, shayi da burodi, awara, ɗanwake, fura da nono, kunun aya da zoɓo a gorar da aka sake amfani da ita, tsire da daddare. Kusan babu mai lambar rajista a ciki. Ma'ana, mafi yawan abincin talaka yana ƙarƙashin kulawar matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata. A ganina nan ne asalin matsalar take, kuma nan ne ainihin gurbin aikin yake.

Hanyar shiga aikin a fili take. Mai takardar sakandare da ya ci darussan kimiyya yana iya neman kwalejin fasahar lafiya, irin wadda ke Maiduguri, ko makarantar tsafta ta Kano, ya yi difloma ta ƙasa, sannan babbar difloma. Akwai jarrabawar ƙwarewa da hukumar WAHEB ta Afirka ta Yamma ke shiryawa, wasu jami'o'in ƙasar kuma suna ba da digiri a fannin. Takardar makaranta kaɗai ba ta isa ba. Dokar 2002 ta kafa majalisar da ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista da ba su lasisi, aka yi wa dokar gyara a 2022, majalisar ta koma EHCON, ikonta ya faɗaɗa zuwa kamfanonin da ke harkar tsafta da feshin ƙwari. Mai sha'awar ɓangaren nama sai ya bi ta tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Maiduguri, mai son ɗakin gwaji kuma ya karanci kimiyyar abinci ko ta ƙwayoyin cuta.

Karatun yana da faɗi fiye da yadda ake zato. Ɗalibi zai koyi ilimin yaɗuwar annoba, da gwajin ruwa, da tsarin gini da iska, da rayuwar sauro da ƙuda da ɓera, da dokar da zai tsaya a kanta in an je kotu. Kuma ƙa'idojin da yake aiki da su na ƙididdiga ne. Ramin masai ya kamata ya nisanci rijiya da kamar mita 30. Ruwan da aka zuba wa kulorin ya kamata a samu ragowarsa tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a kowace lita a lokacin da za a sha. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana taɓa sana'ar kowace mai abinci.

Bari in ɗan tsaya a kan ruwa, domin shi ne uwar komai. Ruwan burtsatse yakan fito da tsabtarsa daga ƙasa. Ɓacinsa a hanya yake. A tsaya a bakin famfo da safe a gani: jarkar ɗan garuwa baƙa ce, ba a ganin cikinta, bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga balle soso. Murfin ya daɗe da ɓata, an maye shi da leda. Tiyon da ake cika ta da shi yana kwance cikin taɓo tsakanin cika da cika. A gida a juye a randa ko durom, yaro ya dawo daga bayan gida ya tsoma moɗa da hannunsa. Babu mugun nufi ko ɗaya a cikin wannan jeri, amma ya ishi cutar amai da gudawa ta ratsa layi guda cikin mako. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan fara da jarkar, ya ɗebi ruwa a ƙaramin mazubin gwaji, ya jefa ƙwayar da ke sauya launi, ya nuna wa ɗan garuwan da idonsa. In ruwan ya yi ja-ja, akwai kulorin. In ya tsaya fari, babu.

Maiduguri ta ga abin da rashin wannan ke jawowa. A watan Agustan 2017 kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage, ta bazu zuwa wasu ƙananan hukumomi, har aka kai ga yin rigakafin ɗigo na kwalara ga ɗimbin jama'a. A ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya shiga masai da rijiyoyi da kasuwanni. Cikin watan Oktoba gwamnatin jiha ta sanar da ɓullar kwalara. A tsakanin nan ne NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Gamboru, bayan an ga ana wanke magungunan da ruwa ya ci ana shanyawa a rana don a sake sayarwa. Wannan na magani ne, yana da hukumar da ta tsaya masa. Buhunan hatsi da gari da suka sha ruwan iri ɗaya fa, waɗanda za a shanya a auna a mudu? Hatsin da ya jiƙe yana yin fumfuna, wasu nau'o'in fumfunar kuma suna fitar da gubar afalatoksin mai lahani ga hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Gano irin wannan aikin mai yawo ne a ƙafa, rumfa zuwa rumfa.

Sai maganar guba a ajiya. Mai wake da mai banda abokin gabarsu ɗaya ne, ƙwaro, kuma hanya mafi arha ita ce fiya-fiya ko Sniper, masu ɗauke da sinadarin dikulobos. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da aka hana shi shiga can, a tukunyarmu yake ƙarewa. Ɗan kasuwa bai jahilci cewa guba ce ba, asara yake gudu. Shi ya sa ma'aikacin da ya zo da hani kaɗai ba a daɗewa ake komawa gidan jiya. Wanda ya zo da madadi, kamar buhun nan mai ninki uku da ke toshe iska ya kashe ƙwaro ba tare da magani ba, shi ake saurare. Haka batun ɓera. A garin Lassa na kudancin Borno aka fara gano zazzaɓin da ke ɗauke da sunan garin a 1969, kuma fitsari da kashin ɓera a kan abincin da aka bari a buɗe ko aka shanya a ƙasa na daga manyan hanyoyin kamuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kashe 420,000, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Duk da haka, aikin hana wannan ba shi da farin jinin aikin asibiti. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likitan da ya ceto yaro daga bakin mutuwa, uwar yaron ba za ta manta fuskarsa ba. Jami'in da ya sa aka gyara tiyon famfo, yara ashirin ba su kwanta ba, babu wanda zai san an yi. Iyaye da dama sun fi son 'yarsu ta zama nas ko ungozoma, karatun tsafta kuma sai in wancan bai samu ba. Wannan yana damuna, don na tabbata rayukan da ake tserarwa a bakin rijiya ba su gaza na gadon asibiti ba.

Ina aikin yake ga wanda ya gama? Gaskiyar magana, makarantu suna yayewa fiye da yadda gwamnati ke ɗauka. A Borno, shekarun rikicin Boko Haram sun buɗe wata ƙofa: ƙungiyoyin agaji sun ɗauki matasa da yawa aikin ruwa da tsafta a sansanoni, suna zuba kulorin, suna lura da masai, suna bin gidan da aka samu mai amai da gudawa su yi feshi. An samu ƙwarewa ta gaske a nan. Sai dai aikin kwangila ne, kuma da aka rufe sansanonin cikin birni, sannan Amurka ta janye tallafi mai yawa a 2025, wannan ƙofa ta ƙuntata. Akwai guraben da ba na gwamnati ba: masana'antar fiya-wata, gidajen burodi, otal, makarantun kwana, kamfanonin feshi, kuma mai lasisi yana iya kafa nasa. Akwai sashen lafiya na filayen jirgin sama da kan iyaka, abu mai muhimmanci ga jihar da ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru. Amma babban gurbin yana nan a ƙaramar hukuma. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai iya sauya lissafin in an aiwatar da shi, kuma in shugabanninsu sun ɗauki albashin jami'in tsafta da muhimmancin da suke bai wa ginin da za a yanka masa ƙyalle.

Akwai abin da takarda ba ta bayarwa. Ajilari unguwa ce ta Kanuri da Hausa da Shuwa da sauran waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu, gida ɗaya ya ɗauki iyalin da ya fi ƙarfin masansa. Unguwa ce kuma da ta ga tashin bom a 2014, don haka baƙon fuska mai yawan tambaya ba a sakin jiki da shi. Ma'aikacin da bai fara da gaida Bulama ba, bai nemi limami da shugaban mahauta ba, zai yi ta yawo a bakin ƙofa. Ga kuma gidajen ba-shiga. Randa da madafa da masai duk a cikin gida suke, kuma yawancin abincin da yara ke talla a can ake dafa shi. Namiji iyakarsa zaure. Wannan kaɗai ya isa hujjar a ɗauki mata da yawa a aikin, masu jin Kanuri da Hausa, waɗanda za su zauna a tabarma su ce, “Yaya, ina kike ajiye ruwan shan yara?” a ba su amsa ta gaskiya.

Kan batun tara kuwa, ra'ayina shi ne a bambanta. Mai masana'antar fiya-wata da ya ƙi canza matatarsa, ko mai gidan burodin da ya koma wa buromet, ya san abin da yake yi, doka ta hau kansa. Mai ƙosan da jarinta bai wuce mudu biyu na wake da kwalbar mai ba, in aka kifar mata da kasko, gobe za ta koma wani lungu inda ba a ganin ta, da man jiya da ruwan jiya. Abin da ke gyara ta shi ne murfi a kan tire, bokiti mai famfo da sabulu a gefe, da ziyarar da za a maimaita bayan mako biyu a ga ko ta ɗore. Wannan yana buƙatar ma'aikaci mai unguwa takamaimai da aka ba shi, mai babur da mai a ciki, da ma'aunin zafi, da kayan gwajin kulorin, da albashin da zai hana shi kallon hannun wanda yake dubawa. Aikinsa na farko a Ajilari zai zama ƙirga: rijiyoyin burtsatse nawa ne, 'yan garuwa nawa ke ɗiba a kowace, wace ce ke kusa da ramin masai, kuma wane gida ne ke dafa abincin da ake sayarwa a ƙofar makarantar firamare.