Tarihin Binciken Ilimi a Adar Dutsi da Kwarin Majiya

Yankin Adar Dutsi da kwarin Majiya, wanda ya haɗa gundumomin Keita, Buza da Madawa a jihar Tawa, yana cikin wuraren da masu bincike suka fi ziyarta a karkarar Nijar tun daga shekarun 1960. Ƙasa ce ta duwatsu da tuddai, inda ƙoramu ke gangarowa da ƙarfi a damina su bi kwari har tabkin Kalmalo a Nijeriya. Manoman garuruwa irin su Tabotaki da Garadume sun daɗe da rarrabe ƙasarsu gida-gida: dabagi a saman dutse, fako mai tauri a gangare, jigawa mai yashi, sai fadama a ƙasan kwari. Yawancin binciken da aka yi a nan ya biyo bayan wata masifa ce, ko fari, ko yunwa, ko ciwon yara.

Masana tarihi da zamantakewa ne suka fara isowa. Nicole Echard, Bafaransiya, ta zauna a ƙauyukan Adar tana tattara labarin zuriyoyi, sana'ar ƙira da al'adar bori, ta kuma fitar da littafinta kan tarihin manoman Adar a 1975. A wannan shekarar Djibo Hamani ya wallafa bincikensa kan Adar kafin zuwan Turawa, inda ya haɗa labarun baka da rubuce-rubucen Larabci don bayyana dangantakar Hausawan yankin da sarautar Agadas da Buzaye. Duka ayyukan biyu sun fito cikin jerin littattafan cibiyar binciken zamantakewa ta IRSH da ke Yamai, kuma su ne madogarar waɗanda suka biyo baya.

Farin da ya kai ƙololuwa a 1973 ya juya akalar bincike zuwa ƙasa da iska. A kwarin Majiya itatuwa sun ragu ƙwarai, iskar hunturu na kwashe ƙasar gona, guguwar farkon damina kuma tana binne shukar gero da yashi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku. A 1975 wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa-kai daga Amurka, ya samu tallafin ƙungiyar CARE aka fara dasa shingayen itatuwa masu tare iska. Dogon yaro aka zaɓa. Ana dasa shi layi biyu a jere, a gicciye da hanyar iskar gabas, a bar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge. An ɗauki masu gadi don hana dabbobi cinye dashen har ya girma. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya kai ɗaruruwan kilomita.

Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran dashe-dashen lokacin shi ne an auna sakamakonsa. Masu bincike sun kafa na'urorin gwada ƙarfin iska a gaba da bayan shinge, sun gwada danshin ƙasa, sannan sun auna geron da aka girbe a gonakin da ke da kariya da waɗanda ba su da ita. Gwaje-gwajen da aka yi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da tsakiyar shekarun 1980 sun nuna ƙarin amfani na kashi 15 zuwa 23 cikin ɗari, ko da an cire filin da itatuwan suka cinye. Sun kuma tabbatar da abin da mai gona ya riga ya gani da idonsa: geron da ke dab da shinge ba ya yin kyau, saboda inuwa da saiwoyin da ke shanye ruwa. Daga nan aka shiga gwada sassabe rassan itatuwan lokaci-lokaci, abin da ya samar da itacen girki da na gini. Wannan ya haifar da tambayar da babu na'urar da za ta amsa: itacen na wane ne? Dokar gandun daji ta 1974 ta bai wa gwamnati iko mai yawa a kan itatuwa, alhali gonar ta manomi ce, gadin kuma na aikin ne. Sai da aka kafa kwamitocin ƙauye don raba itacen, kuma batun bai daidaita a doka ba sai da ƙa'idojin dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka fito.

Dogon yaron kansa yana da tarihi a ɗakunan gwajin sinadarai. Asalinsa daga Indiya yake. A 1959 masanin ƙwari Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar nasa. A 1968 masana biyu a jami'ar Keele ta Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da ke hana ƙwari ci daga 'ya'yansa, aka kira shi azadiraktin. Ginin sinadarin yana da sarƙaƙiya har ta kai Steven Ley da abokan aikinsa a Kambirij sun shafe shekara 22 kafin su haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007. Manomi ba ya bukatar wannan wahala: ya daka 'ya'yan, ya jiƙa garin cikin ruwa ya kwana, ya tace, ya fesa wa wake ko kayan lambu.

Babban aikin da ya sa sunan yankin ya zagaya duniya shi ne Aikin Keita, wanda ya fara a 1984, shekarar yunwar da mutane ke kira El-Buhari. Italiya ce ta ba da kuɗi, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta jagoranci fasaha, shirin abinci na duniya kuma ya riƙa biyan ma'aikata da abinci. An ɗauki kwari gaba ɗayansa a matsayin abu guda, daga sama har ƙasa. A kan dabagi da fako injuna na farfasa ƙasa mai tauri, a yi dogayen kunyoyi a lulluɓe su da duwatsu don tsayar da ruwa. A gangaren dutse ana haƙa ramuka masu tsawon kimanin mita 3, a jere layi-layi, a dasa itace ɗaya a tsakiyar kowanne. A cikin ƙoramu kuma aka gina madatsu don rage gudun ruwa ya samu ya nutse. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Masana daga Firenze ta Italiya sun bi diddiginsa da hotunan tauraron ɗan Adam, kuma ƙididdigar farkon shekarun 2000 ta nuna an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18.

A nan ma masana zamantakewa sun ga abin da hoton sama ba ya nunawa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka haƙa ramukan mata ne, domin da rani maza sukan tafi bida zuwa Nijeriya, Kodebuwa ko Libiya. Benedetta Rossi, wadda ta yi shekaru tana bincike a Keita, ta nuna a littafinta na 2015 cewa abincin da ake bayarwa shi ne ya riƙe mutane a wuraren aikin, kuma tsohon tsarin bauta da bambancin asali ya yi tasiri a kan wanda ya yi aikin wahala da wanda ya mallaki filin bayan ya gyaru. A daidai lokacin da ake Aikin Keita, a Ilela, wata dabara mai sauƙi ta bazu ba tare da injin ko ɗaya ba. Manoman da aka kai ziyara Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun dawo suka inganta tassa, ƙananan ramukan da ake zuba wa taki a kan fako, har aka shiga saye da sayar da filayen da a da ba mai so.

Fannin lafiya ya samu nasa babi bayan matsalar abinci ta 2005. A shekarar ce aka yi amfani da haɗin gyaɗa, madarar gari, sukari da mai, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙira a Faransa a 1996, wajen jinyar dubun-dubatar yara masu tamowa a Nijar. Amfaninsa shi ne ba ya bukatar ruwa ko dafawa, don haka uwa na iya jinyar ɗanta a gida, sai mai tsananin ciwo kaɗai a kwantar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aiki a Madawa da Buza, kuma bayanan asibitoci sun nuna cewa tamowa da zazzaɓin cizon sauro suna hauhawa tare a watannin damina. Bayan hukumar lafiya ta duniya ta amince da rigakafin zazzaɓi na damina a 2012, gundumomin biyu suna cikin na farko da aka fara shi a Nijar a 2013. A lokacin ana bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 magunguna biyu a haɗe, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba.

Rabin ƙarni na bincike a wannan yanki ya nuna cewa ƙasar da ta mutu tana iya farfaɗowa, kuma ana iya rage mutuwar yara da magani mai araha. Ya kuma nuna cewa dabarun da suka ɗore bayan tafiyar masu tallafi su ne waɗanda manomi ko uwa ke iya yi da hannunsu, suna kuma da tabbacin cewa amfanin nasu ne.