'Yan Matan Gefen Fili: Tarihin Zuga a Makarantun Amurka

Duk mai kallon finafinan makarantun Amurka ya san su: 'yan mata cikin gajeren siket, riƙe da tuntaye masu ƙyalli, suna tsalle suna ɗaga murya a gefen fili, samari kuwa suna ciki suna buga ƙwallo. Aikinsu zuga ne, kamar na makaɗa da masu kirari a filin dambe. Abin da finafinan ba sa faɗa shi ne, maza ne suka kafa wannan al'ada, kuma sun daɗe suna riƙe da ita.

Ranar 2 ga Nuwamba 1898 wani ɗalibin Jami'ar Minesota, Johnny Campbell, ya tsaya gaban 'yan kallo ya ja su da kirari suna amsawa. Daga nan ake fara lissafi. A wancan zamani jan taro da murya alamar shugabanci ce, shi ya sa ake samun sunayen tsofaffin shugabannin Amurka Eisenhower da Reagan da George Bush ƙarami cikin waɗanda suka yi zuga suna ɗalibai. Sai a 1923 Minesota ta bar mata suka shiga, amma ba su mamaye fagen ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari.

Nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Aiki bai canja ba, amma da ya koma hannun mata sai ma'aunin ya canja. Aka daina maganar jagoranci, aka koma duban fuska da fara'a da ladabi da farin jini. A makarantun sakandare da dama malamai ko ƙuri'ar ɗalibai ke zaɓen yarinya, kuma ana sa mata ido har bayan an tashi daga makaranta. Ta yi murmushi ko ƙungiyarta na shan kashi. Wani malami a Teksas, Lawrence Herkimer, ya kafa ƙungiyar horar da masu zuga a 1948, harkar ta bunƙasa har ta zama kasuwar riguna da tuntaye.

Ban yarda a raina 'yan matan da suka yi rububin shiga ba, domin wace ƙofa aka buɗe musu? A zangon karatu na 1971 zuwa 1972, 'yan matan sakandare masu wasanni a duk Amurka ba su kai 300,000 ba, samari kuwa sun haura miliyan 3.6. Yarinya mai ƙarfin jiki da son a san da ita, gefen fili kaɗai aka bar mata. Kuma gurbin ba na wasa ba ne. A garin Crystal City na Teksas, inda yawancin ɗalibai 'yan asalin Meziko ne, gurbi ɗaya tak ake ba 'ya'yansu cikin masu zuga a wancan lokaci. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa a Disambar 1969, har hukumar makarantar ta sauko.

Dokar da ake kira Title IX ta 1972 ta hana wariyar jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, 'yan mata suka shiga fili da kansu. Zuga ma ta rikiɗe ta koma alkafura da hawa kafaɗu da jefa mutum sama, da gasa tata ta kanta, da karaya da targaɗe. Duk da haka, a 2010 wani alƙalin tarayya ya yanke cewa ba ta cika sharuɗɗan wasa a ƙarƙashin waccan doka ba. Sai a 2021 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ƙungiyarta ta duniya cikakkiyar amincewa.