Daga Ƙetaren Gwari zuwa Gidan Kwano: sunayen da ke ɓacewa

Duk wanda ya tsaya a Kpakungu yana jiran motar hanyar Bida zai ji ɗaliban jami'a na cewa "GK" za su. Gidan Kwano ke nan aka gutsure. Ƙauyen ya girmi jami'ar, kuma mai jin Hausa ya san abin da sunan ke nufi: lokacin da kowa ke rufin ciyawa, gida mai rufin kwano ya isa a yi kwatance da shi.

An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983. Ta fara zama a Bosso, a tsohuwar kwalejin horar da malamai, kafin a gina mata mazaunin dindindin a Gidan Kwano. Filin nan ba daji ba ne da babu mai shi. Gonaki ne da rafuka da duwatsu, kowanne da sunan da manoman wurin ke kiransa. Taswirar yau kuwa tsangayoyi da ɗakunan kwanan ɗalibai take nunawa.

Amma fa mu ma ba mu da bakin zargi. Tun da layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratsa Minna, kakanninmu suka sauka da fatauci da leburanci, suka yi ta raɗa wa wurare suna da Hausa: Limawa, Kwangila, Dutsen Kura, Sauka-ka-huta. Me ake kiran wuraren nan kafin mu zo? Mu nawa ne za mu iya faɗi? Ko sunan unguwarmu ma ya tona mu, don "Gwari" kiranmu ne. Su Gbagyi suke kiran kansu. Minna ɗin kanta sunansu ce, kuma dattawansu na danganta shi da wuta.

Shi ya sa muke ganin kundin sunayen wurare na harabar jami'ar ya wuce lissafin gine-gine. A rubuta sunan Gbagyi yadda suke furta shi, a sa na Hausa, a sa na ɗalibai ma, sannan a nuna inda wurin yake da wanda ya ba da labarin. Ranar da aka yi gardamar iyakar gona, irin wannan rubutu ake nema.

Yaranmu da ke karatun safiyo a can suna da waya mai ɗaukar murya. Su fara da tsofaffin Gidan Kwano da Gidan Mangoro, idan sun dawo hutu su zauna da namu.