Yunwar Holande ta 1944-1945 da alamun da ta bari cikin jiki

Masana tarihi sun saba auna yunwa da yawan mamata da tsadar hatsi. Cikin wannan takarda muna son duba waɗanda yunwa ta tarar suna cikin uwa, domin ta kansu ne tarihi ya gamu da ilimin da ake kira epijenetik.

A watan Satumba na 1944 ma'aikatan jirgin ƙasa na Holande suka shiga yajin aiki bisa kiran gwamnatinsu da ke gudun hijira a Landan. Jamus ta rama da hana shigar da cimaka yammacin ƙasar, sannan sanyi ya daskarar da hanyoyin ruwa. Daga Disamba zuwa Afrilu rabon mutum guda ya sauka tsakanin kalori 400 da 800 a yini. Kimanin mutum 20.000 suka mutu kafin a ƴanta ƙasar a watan Mayu na 1945.

Yunwa ce gajera, mai mafari da ƙarshe sanannu, ta kuma auka wa jama'ar da ke cin ƙoshi kafinta da bayanta. Asibitoci ba su daina rubuta haihuwa ba. A ganinmu waɗannan rajistoci su ne rabin binciken. A 1976 Ravelli da Stein da Susser suka bi takardun samari 300.000 da aka auna don aikin soja, suka tarar ƙiba ta fi yawa ga waɗanda yunwar ta samu a rabin farko na zamansu cikin uwa. Daga baya aka ga ƙarin ciwon sukari da na zuciya.

Ta yaya jiki ke riƙe abin da ya faru kafin haihuwa? Ƙwayar tsoka da ta ƙwaƙwalwa ADN ɗaya gare su. Abin da ya raba su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado ke aiki, waɗanne ke rufe. Ɗaya daga cikin makullan shi ne ɗan sinadarin metil da ke manne wa ADN ba tare da ya sauya rubutunsa ba, kuma galibi yakan rage aikin wurin da ya manne. Waddington ne ya ƙirƙiro kalmar epijenetik a 1942. A 1975 Riggs, da kuma Holliday da Pugh, suka kawo ra'ayin cewa alamar metil tana bin ƙwaya idan ta rabu biyu. Jiki kuwa daga cimaka yake samun kayan haɗa metil. A 2008 Heijmans da abokan aikinsa suka gwada mutum 60 da aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar da ƴan uwansu na ciki ɗaya. Bayan shekara sittin, metil ɗin da ke kan ƙwayar gadon IGF2, mai kula da girman ɗan tayi, ya gaza na ƴan uwan da kusan kashi 5 cikin ɗari. Waɗanda yunwar ta samu gab da haihuwa ba su nuna wannan bambanci ba.

Sai dai kada mu yi gaggawa. A cikin jini aka auna alamar, kuma ganinta bai tabbatar da ita ce ta haddasa cutar ba. Yana yiwuwa ma ƴan tayin da suka riga suka zo da ita su ne suka tsira. A Leningrad, inda ƙawanyar Jamus ta ɗauki kwana 872 kuma ƙarancin ya zarce bayanta, binciken 1997 bai samu alaƙa da ciwon sukari ba. Zancen gadar da alamun ga jikoki kuwa hujjarsa ga ɗan Adam rarrauna ce, tunda akasarinsu gogewa suke yi a farkon ɗaukar ciki.

Yunwoyinmu na Sahel, na 1973-1974 da 1984-1985, sun fi kama da Leningrad: dogaye ne, ga kuma ƙarancin kowace damina bisansu, har ya yi wuya a samu wanda za a gwada da wani. Abin da ya fi kusa da mu shi ne aikin da aka yi a ƙauyukan Gambiya, inda a 2010 da 2014 aka nuna metil na wasu ƙwayoyin gado ya bambanta tsakanin yaran da aka ɗauki cikinsu da damina da na rani.