Yadda Saukar Dole Ta Zama Darasi a Sararin Kaduna

Saukar dole, wato dirar da jirgi a inda ba a shirya ba saboda injinsa ya mutu ko ƙarfinsa ya ragu, ta zo ne tare da jirgin sama kansa, domin injunan farkon ƙarni na 20 ba abin dogaro ba ne. A 1917 wani hafsan Birtaniya, Robert Smith-Barry, ya tsara koyar da ita a makarantarsa ta Gosport a Ingila, inda malami kan ɗauke ƙarfin inji da gangan, ɗalibi kuwa ya nemi fili ya nufe shi, bisa hujjar cewa haɗarin da mutum ya saba da shi a gaban malaminsa ba zai ruɗa shi ba ranar da yake shi kaɗai.

Wannan tsari ya kafu a Arewa daga 1964, shekarar da aka kafa Rundunar Sojan Saman Najeriya da taimakon Jamus ta Yamma, aka kuma zartar da dokar makarantar tuƙin jiragen farar hula ta Zariya. Sansanin Mando, arewa da Kogin Kaduna, shi ya zama matakin farko ga ɗaliban soja, waɗanda suka koya da Piaggio P.149, sannan Bulldog na Birtaniya, sannan Air Beetle guda 60 da aka harhaɗa a cikin Kaduna, kafin Super Mushshak na Pakistan da Diamond DA40 su gaje su. Dukkansu inji ɗaya gare su, idan ya tsaya babu na biyu.

Sau da yawa laifin ba na ƙarfe ba ne. Mai kan ƙare, ko a bar makunni a kan tankin da ya ƙafe alhali ɗayan yana cike, ko ruwa ya taru a gindin tanki, shi ya sa kafin tashi ɗalibi yakan tatsi mai kaɗan a kwalba ya ɗaga ta ga haske. A jiragen da ke da kafireto kuma, ƙanƙara na iya toshe maƙogwaron inji ko da ana zafi a ƙasa, musamman da damina lokacin da iska ke ɗauke da laima, abin da wanda ya tashi a ƙasar zafi ke jinkirin yarda da shi.

Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse. Yakan zuro a hankali kamar shirwa, ya ci kimanin ƙafa 9 a gaba kan kowace ƙafa ɗaya da ya sauko, saboda haka tsayi shi ne jarin matuƙi. Ana koya masa ya fara daidaita gudun jirgi, ya zaɓi fili, ya fuskanci iska, sannan ya gwada tada inji ya yi kiran gaggawa. Idan gona ce, sai ya bi tsawon kunya, domin gitta kunyoyin doya ko masara kan kifar da jirgi, fadama kuma komai kyan korenta takan riƙe taya. A watan Maris na 2018 wani ɗalibin makarantar Mando da ke shawagi shi kaɗai ya sami matsala a sama, ya dirar da Diamond ɗinsa a bayan garin Kaduna, ya kuma fita da rai.

Sai dai darasin an gina shi ne a kan samuwar fili, filin kuwa raguwa yake yi. Kudu da kogi, unguwanni irin su Sabon Tasha da Unguwar Boro, a kan hanyar Kachia da ta wuce matatar mai, sun cika sun batse, musamman bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 da suka sauya mazaunin jama'a, har gonakin jiya suka koma rufin kwano da katangu da wayoyin lantarki. Wayoyin nan su ne mafi haɗari, domin daga sama ba a ganinsu, sai dai matuƙi ya nemi turakunsu, a hazon hunturu kuwa turakun ma sukan ɓace.