Keke a Ƙasar Rake: Daga Raleigh Zuwa Ɗan Kwatano



Yau za mu waiwayi tarihin wani abu da muka saba gani har muka daina lura da shi, wato keke, musamman ƙashin bayansa, wancan ƙarfen da masu gyara ke kira firam, wanda tayoyi da sirdi da feda da kan keke duk suke jingine a jikinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mun ga matasa da dama a Ikara da Makarfi da Kudan sun koma neman keke. Yawancinsu keken hawan dutse suke so, mai giya da faffaɗar taya da shokozoba a gaba. Kuɗin da suke zubawa kuwa, sau tari kuɗin masara ne ko na tumatir da aka yi wata da watanni ana wahala a kansu. Taya in ta fashe a liƙe, sarƙa in ta tsinke a ƙulla, amma firam in ya tsage, sau da yawa keken ne ya mutu.

Siffar keken da muka sani ta faro ne a garin Kwabantiri na Ingila. Kafin 1885, keken Turawa yana da wata ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya, fedar kuma a jikin ta gaban take. Mahayi yana can sama, da ya ci karo da dutse sai ya faɗo ta ka. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken da ya kira Rover, mai tayoyi kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya ta baya. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop ya haɗa taya mai iska a Belfas. Kafin ƙarnin ya ƙare, maƙera sun tsaya a kan firam mai alwatika biyu da suka haɗu a bututun da ke ɗauke da sirdi. Hikimar ita ce, abu mai kusurwa huɗu in an danna shi yana iya karkacewa, amma alwatika ba ta sauya siffa sai ɗaya daga cikin sassanta uku ya lanƙwashe ko ya karye. Shekara fiye da 130 ke nan, har yau yawancin kekunan duniya a kan wannan tsari suke.

Kamfanin Raleigh na garin Nottingham, wanda Frank Bowden ya gina a ƙarshen shekarun 1880, shi ya fi kowa cin kasuwar wannan siffa a ƙasashen da Ingila ta mulka. Kekensa baƙi ne, ƙarfe zalla, taya inci 28, birkinsa na sanda, sarƙarsa a rufe cikin kwano don kada ta ci bakin wando ko riga. Wata tallarsa da ta yi suna a Afirka tana nuna mutum a kan keke yana dariya, zaki na bin sa a guje ya kasa cim masa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano ta Zariya a 1911, shi ya buɗe wa kantunan Turawa irin su John Holt, daga baya kuma UAC, hanyar kawo kaya cikin sauƙi. Da farko keke, ko basukur kamar yadda tsofaffi ke cewa, abin hawan masu albashi ne: ma'aikatan En'e, malaman makaranta, malaman gona, malaman asibiti, da dillalan auduga da gyaɗa. Har lasin ake yanka masa. Sannu a hankali kuɗin auduga da gyaɗa da taba suka kai shi hannun manoma, ya zama in kaka ta yi kyau, mutum ya zaɓi tsakanin keke, rediyo da aure. Masu hayar keke suka bazu a garuruwa, a wurinsu yara da yawa suka koyi tuƙi, ƙafa ɗaya a zure ta ƙarƙashin sandar firam saboda ba su kai sirdi ba. Kasuwar ta yi girman da aka kafa wurin harhaɗa kekuna a Zariya, Raleigh kuma ya buɗe masana'anta a Kano.

A yankinmu ne keke ya koma jaki. Makarfi da Kudan ƙasar rake ce, Ikara kuma ta yi suna da tumatir da masara. Raken yana fadama, kasuwa da masu mazarƙwaila suna tudu, tsakaninsu kuwa sai 'yar siririyar hanya mai yashi da marmara da kwazazzabo, wadda da damina take zama taɓo. Mota ba ta shiga ko'ina. Daga ƙauyukan Gazara da Gimi, ko na Likoro da Hunkuyi, ko na Paki da Auchan, keke ya daɗe yana fito da kaya zuwa bakin titi. Bature ya ƙera shi don mutum ɗaya da 'yar jakarsa, mu kuwa muka ɗora masa damin rake, buhun taki, jarkokin ruwa, wani lokaci har da mara lafiya.

Don ya jure, masu gyara da masu walda suka yi masa ƙari. Suka cire kariyar kamfani suka ƙera ta rodi, suka ƙara wa ƙafar gaba sanduna biyu na tallafi, suka sa wa tayar baya sifoki masu kauri. Duk wannan ya yiwu ne saboda firam ɗin ƙarfe ne. Ƙarfe yakan lanƙwashe kafin ya karye, yana ba da alama, kuma mai waldar gas na bakin kasuwa yana iya ɗinke shi. Da kekunan Asiya suka shigo, irin su Phoenix na Shanghai wanda aka kafa a 1958, da Hero na garin Ludhiana a Indiya wanda ya faro a 1956, da Avon, duk sun kwaikwayi samfurin Ingila ne, wasu har da sanda biyu a sama don ɗaukar nauyi. Kayan wannan yakan shiga wancan, shi ya sa mai gyara na ƙauye da 'yar akwatinsa ɗaya yake iya tayar da kowanne.

Daga tsakiyar shekarun 1970 darajar keke ta fara sauka. Kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975 sun mayar da hankalinsu kan babur. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, masana'antun da ke dogaro da kayan waje suka shiga wahala. Acaɓa ta zo, baburan Jincheng da Bajaj suka cika ƙauyuka. A Ingila ma Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham a 2002. Keke ya zama abin hawan wanda bai samu ba, ko da yake manomin rake bai taɓa jingine nasa ba.

A daidai lokacin da muke raina shi, wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya a Amurka suna tono tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930, masu nauyi da faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga tsaunuka. A 1976 suka fara tsere a wata gangara da suka sa wa suna Repack, saboda zafin birki yana ƙone man giris na cibiyar taya, dole a sake cusa wani bayan kowace saukowa. Tsofaffin firam ɗin suka riƙa karyewa, sai Joe Breeze ya ƙera sabo musamman don wannan aiki a 1977. Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey suka mayar da abin sana'a, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa. Shokozobar gaba ta RockShox ta biyo baya a 1989. Daga nan keken dutse ya rabu: mai shokozoba gaba da baya, da mai ita a gaba kaɗai, bayansa sandararre. Irin hanyar da su suke nema don nishaɗi, ita ce hanyar gonarmu ta kullum.

Waɗannan kekuna su ne suke iso mana yau a matsayin gwanjo, 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, bayan masu su na farko sun gama morarsu. Kusa da su kuma ga sababbi masu araha da ƙyalli. Tarihin da muka bi yana koya mana tambayoyin da ya kamata mai saye ya yi.

Ta farko, wane ƙarfe ne? Tun shekarun 1990 yawancin kekunan dutse alminiyam ne, wato sanholo. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, taurinsa ma haka, shi ya sa ake yi masa bututu masu kauri. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana da daɗin hawa tudu. Amma yana gajiya da yawan jijjiga, in ya tashi tsagewa ba ya jan lokaci, waldarsa kuma tana buƙatar inji na musamman mai iskar agon da gashi bayan an gama. Wanda zai yi dako, ko yake nesa da birni, ƙarfe ya fi masa. Mafi kyawunsa shi ne wanda aka rubuta wa Cr-Mo ko 4130 a jiki, irin na kekunan dutse na farko. Maganaɗisu yana raba gardama: yana kama ƙarfe, ba ya kama sanholo.

Ta biyu, yaya bayansa yake? Keke mai araha da aka sa wa sifirin a tsakiya yana ɗaukar ido, sai dai maɗaurinsa yana saurin cinyewa, yana shanye ƙarfin feda, kuma babu inda za a ɗaura kariya ta kirki. Araha ba ta ado. Mai sandararren baya ya riƙe alwatika biyun nan na asali, abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne. A duba ko yana da 'yan ramukan kusoshi kusa da cibiyar tayar baya, don a nan kariya take zama.

Ta uku, me ya same shi kafin ya zo? A juya keken a duba ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya. Fentin da ya tattare ko ya yi ƙyasbi a nan alama ce ta karo. A bi duk inda aka yi walda da ido da farce, a nemi tsaga ko da siririya ce kamar gashi. A sassauta sandar sirdi a ga ko tana motsi, don wadda ta ci ta manne wahala ce babba. A ɗaura zare daga wutsiyar firam ta dama, a zagayo da shi ta wuya zuwa wutsiyar hagu, a auna tazararsa da bututun sirdi ta kowane gefe. In ba ta zo daidai ba, firam ya karkace.

Ta huɗu, wa zai gyara? Taya inci 26 da birkin waya an fi samun kayansu a wurin masu gyaranmu fiye da taya inci 29 da birki mai aiki da mai. Sannan mutum ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, in sandar sama tana taɓa shi, ya yi masa girma. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta bi wannan lissafi ne da ta ƙera keken Buffalo don ƙauyukan Afirka: firam na ƙarfe, kariya mai ɗaukar kilo 100, kaya masu sauƙin gyara. Abin da ta gano da bincike, mai waldar Makarfi ya riga ta saninsa da hannu.

Mu da muke koyon rubutu, akwai rabonmu a nan. Littattafanmu cike suke da manyan motoci da gidajen bene, amma da wuya mu ga keken da ya kai uban jarumin kasuwa shekara 30, ya biya masa kuɗin makaranta. Wanda ya san bambancin Raleigh da Phoenix da ɗan Kwatano zai iya nuna wa mai karatu zamanin labarinsa da matsayin mutanensa ba tare da ya faɗi shekara ba. Tsofaffin masu gyaran keke na Ikara da Makarfi da Hunkuyi suna nan da ransu, sun san sunan kowane ƙarfe, sun san shekarar da kowane samfuri ya shigo da wanda ya fara hawansa a gari. Yawancin wannan sani ba a rubuce yake ba. Mu ɗauki littafi da biro mu je mu zauna a rumfarsu ranar kasuwa, mu gaishe su, mu tambaya, mu rubuta kalmomin yadda suka furta su.